Ta ina zan fara koyon haɗa muryoyi da tsara kiɗa irin na su Bach da Mozart?

*"Malam, barka da aiki. Shekarata shida ina kaɗa kibod a cocinmu, nakan kuma taɓa aikin situdiyo. Na san kod-kod ɗina, ina karanta Do-Re-Mi ba laifi. Amma duk lokacin da na zauna zan tsara wa kwaya waƙa mai murya huɗu, sai ta fito kamar an jera bulo: kod, kod, kod, alto da teno ba su da daɗin rerawa ko kaɗan. Na ji an ce su Bach da Mozart ba da sunayen kod suka koyi kiɗa ba, wai akwai tsoffin littattafan da suka bi. Gaskiya ne? In haka ne, ta ina zan fara?"*

Ɗan'uwa, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, sai dai da ɗan gyara. Su ma sun san kod, kullum hannunsu na kansa. Abin da ba su yi ba shi ne fara karatu da raɗa wa kowane kod suna da lamba. Bach ya rasu a 1750, Mozart a 1791, lambobin Rumawan nan da ake rubutawa ƙarƙashin kod kuwa ba su bazu ba sai bayan littafin Gottfried Weber da ya fito tsakanin 1817 da 1821. Ko maganar cewa Do-Mi-So da Mi-So-Do kod ɗaya ne aka juya shi, Rameau, wani masanin kiɗa Bafaranshe, shi ne ya kafa ta sosai a Faris a 1722, kuma an daɗe ana ja da shi a Jamus.

In na fahimce ka, tambayarka ita ce me ya sa muryoyinka ba sa tafiya. Dalili shi ne kana kallon kiɗan a tsaye, kod ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa tufka suke yi kamar ta igiya: kowane zare da tafiyarsa daga farko har ƙarshe, kod ɗin kuma shi ne abin da kunne ke ji a inda zaren suka haɗu.

Kafin mu shiga, mu daidaita kalmomi. Zan rubuta Do, Re, Mi da babban baƙi don kada Fa da So su rikice da kalmomin Hausa. "Tazara" ita ce nisan noti biyu, ana ƙirgawa har da na farkon: Do zuwa Mi uku ce, Do zuwa So biyar, Do zuwa Do na sama takwas. "Taki" shi ne matsawa zuwa noti na kusa, "tsalle" kuma ƙetare ɗaya ko fiye.

Yadda aka koya musu

Hanyoyi uku ne suka fi barin mana rubutu. Ta farko ta Biyana ce, babban birnin Ostiriya. A 1725 Johann Joseph Fux ya buga *Gradus ad Parnassum* da Latin, a sigar hira tsakanin malami da ɗalibi, yana koyar da saƙa murya a kan murya mataki biyar. Haydn ya bi littafin nan da kansa har ya cika kwafinsa da rubutu a gefe. Da Beethoven ya iso Biyana a 1792, irin wannan atisaye Haydn ya ɗora shi a kai, daga baya ya ci gaba wajen Albrechtsberger. Takardun darasin da Mozart ya yi wa ɗalibinsa Thomas Attwood, ɗan Ingila, daga 1785 zuwa 1787 suna nan har yau, da gyaran Mozart a jiki.

Ta biyu ta gidan Bach ce. Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya bayyana a wata wasiƙa cewa mahaifinsu bai tsaya kan matakan Fux ba. Yakan fara da bes mai lamba, wato layin bes da aka sa wa lambobi masu nuna tazarar da za a ɗora a kai, a murya huɗu, sannan waƙoƙin coci: da farko shi zai rubuta bes, ɗalibi ya cike alto da teno, sai daga baya ɗalibin ya koyi ƙirƙirar bes ɗin da kansa.

Ta uku ta birnin Nafoli ce a Italiya, inda makarantu huɗu da asalinsu gidajen marayu ne suka riƙa yaye mawaƙa da makaɗa. Yaro yakan yi kusan shekara goma. Ana fara masa da rera waƙa, sannan a ba shi abin da suke kira partimento: layin bes kaɗai a takarda, hannun hagu ya kaɗa shi, hannun dama ya ƙirƙiro sauran nan take. Ƙa'idojin 'yan kaɗan ne, kamar waɗanda Fedele Fenaroli ya buga a 1775, sauran duk hadda ce da maimaici. Wanda ya san makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba: hadda ke gaba, bayani na biye.

A ganina, mai kibod kamarka da hanyar Nafoli ya kamata ya fara, yana haɗawa da Fux kaɗan-kaɗan a takarda. Masu farawa da Fux zalla sukan ƙware a kauce wa kuskure, amma in an ce su zauna su kaɗa wani abu sai hannu ya tsaya cik.

Watanni uku na farko

Ka kashe maɓallin da ke sauya maka ki, ka kashe gangar da kibod ke bi da kansa, ka zaɓi sautin piyano ko ogan. Hagu noti ɗaya tak, dama noti biyu ko uku. Wannan kaɗai zai yi maka wuya a makon farko, domin ka saba hagu ke riƙe kod.

Fara da sauka, wato yadda ake rufe jimla. Iri uku 'yan Nafoli suke koyarwa, duk a kan bes So zuwa Do. Mai sauƙi: So a bes, Ti da Re a kai, sai Do. Ta biyu: a kan So ɗin ka riƙe Do na bugu ɗaya kafin ya sauka Ti. Ta uku tana cin bugu huɗu a kan So: Ti da Re, sai Do da Mi, sai Do da Re, sai Ti da Re, sannan a koma gida. Ka kaɗa kowacce a ki C, G, F da D har sai ka daina kallon yatsunka.

Daga nan sai babbar hadda, wadda François Campion ya buga a Faris a 1716 da sunan ƙa'idar oktaf, wato ta tazarar takwas. Tana gaya maka abin da za ka ɗora kan kowane noti idan bes na hawa ko sauka taki-taki. A hawa: kan Do ka sa Mi da So, kan Re ka sa Fa, So, Ti, kan Mi ka sa So da Do, kan Fa ka sa La, Do, Re, kan So ka sa Ti da Re, kan La ka sa Do da Fa, kan Ti ka sa Re, Fa, So, sai Do. A sauka wasu sun canza: kan Ti ka sa Re da So kawai, kan La ka sa Do, Re da Fe, wato Fa da aka ɗaga rabin taki, kan So ka sa Ti, Re da So na sama, kan Fa ka riƙe So, Ti, Re ɗin nan yadda suke, kada ka motsa dama, kan Mi ka sa So da Do, kan Re ka sa Fa, So, Ti, sai Do.

Ka lura da abu ɗaya, shi ne zuciyar maganar. A noti bakwai ɗin nan, Do da So ne kaɗai aka ɗora wa uku da biyar, kod mai zama daram. Duk sauran suna ɗauke da shida, wadda ke sa kunne ya ji ba a iso ba tukuna. Mai kibod da ya koya ta sunayen kod yakan sa tushen kowane kod a bes, saboda haka kowane bugu sai ya zama masauki, bes ya yi ta tsalle. Bulon da kake ji ke nan. Ka gwada da waƙar da ka riga ka sani: inda ka saba kaɗa Do a bes karo na biyu, sa Mi, ka ji yadda jimlar za ta miƙe.

Ana koyon ƙa'idar a zama uku na hannun dama: da Do a sama, da Mi a sama, da So a sama. Kada ka wuce zuwa sabon ki sai ka iya ukun. Ƙaramin ki, wanda 'yan kwaya ke farawa daga La, yana da tasa sigar, inda ake ɗaga noti na shida da na bakwai a hawa a mayar da su a sauka. Ka bar shi sai wata na biyu. Minti talatin kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar nesa ba kusa ba. Kana kaɗawa kana rera muryar sama da bakinka, gobe ka rera ta tsakiya.

Karo da warwarewa

Tsoffin malamai sun raba tazara gida uku. Takwas da biyar cikakku ne. Uku da shida suna da daɗi amma ba su cika ba. Biyu, bakwai, tara, da huɗu in an auna ta daga bes, karo ne. Ɗanɗanon kiɗan nan kusan duk daga yadda ake sarrafa karo yake fitowa, kuma dabarar mataki uku gare ta: noti ya shigo yana jituwa da bes, a riƙe shi yayin da bes ya motsa a bugu mai ƙarfi har su yi karo, sannan ya sauka taki ɗaya ya huta.

Sa yatsa ka ji. Hagu Mi, dama Do na sama: shida ce. Sauke hagu zuwa Re, dama na nan: bakwai, kunne ya ɗaure. Sauke dama zuwa Ti: shida, ya saki. Hagu Do, dama Do. Wannan ita ce bakwai-shida. Huɗu-uku kuwa ka riga ka yi ta a sauka ta biyu. Akwai tara-takwas, akwai kuma wadda bes ne da kansa ake riƙewa sannan ya sauka. Kuskuren da na fi gani wajen masu koyo biyu ne: sake buga notin daga wani wuri ba tare da an shirya shi ba, da warware shi zuwa sama. Na farko yana sa karon ya zo kamar tuntuɓe, na biyu kuma yana barin kunne da bashi.

Bayan wannan sai tafiye-tafiyen bes masu maimaita kansu. Bes ya sauka huɗu ya hau taki, Do So La Mi, sama tana Mi Re Do Ti: shi ne ƙashin bayan sanannen kiɗan nan na Pachelbel da ake kira kanon, kuma ka sha jin sa a waƙoƙin zamani. Bes ya hau huɗu ya sauka biyar har ya zagayo gida. Bes ya hau taki-taki, dama na musanya biyar da shida. Kowanne ka haddace shi a ki huɗu, sannan ka nemi littafin partimento na farko na Fenaroli, yana nan kyauta a shafin intanet na IMSLP. Za ka ga layukan bes ɗin ba komai ba ne illa waɗannan abubuwa da aka ɗinka wuri guda.

Murya biyu a takarda

Minti goma sha biyar na kowace rana ka ba Fux. Layinsa na farko noti goma sha ɗaya ne: Re Fa Mi Re So Fa La So Fa Mi Re. Aikinka ka rubuta wata murya a sama, noti ɗaya kan noti ɗaya, ba karo ko guda. Ka fara da cikakkiyar tazara, ka ƙare da takwas, noti na kusa da ƙarshe ya zama De, wato Do da aka ɗaga. Ga amsa mai kyau: La La So La Ti Do Do Ti Re De Re. Ƙirga tazarar da kanka: 5, 3, 3, 5, 3, 5, 3, 3, 6, 6, 8. Duba yadda aka shiga biyar ta noti na huɗu da ta noti na shida: ƙasa na sauka, sama na hawa.

Dokokin motsi huɗu Fux ya bayar, amma duk suna komawa ga ɗaya: kada muryoyi biyu su nufi gefe guda su faɗa cikin biyar ko takwas. Dalilin na kunne ne. Girgizar sauti a takwas biyu ce bisa ɗaya, a biyar uku bisa biyu. Sun yi kusa da juna har in suka jera tafiya sai kunne ya ɗauke su murya ɗaya mai kauri. Ka biya kuɗin murya huɗu, an ba ka uku.

Mataki na biyu noti biyu ne kan ɗaya, inda aka yarda da karo a bugu mai rauni in ana wucewa ne taki-taki. Na uku huɗu kan ɗaya. Na huɗu riƙe murya ne, abin da hannunka ya riga ya sani. Na biyar a gauraya. Atisaye shida zuwa goma a kowane mataki sun isa, rabi muryarka a sama, rabi a ƙasa. Ka rubuta nesa da kibod, ka rera, sannan ka kaɗa don ka ga ko kunnenka ya faɗa maka gaskiya.

Komawa kan kwayarka

Yanzu sai ka bi tsarin gidan Bach. Akwai tarin waƙoƙinsa na coci guda 371 masu murya huɗu. Kwafi sofarano da bes na jimla ɗaya, rufe littafin, cike alto da teno, buɗe ka kwatanta. In ka yi ashirin haka, sai ka fara kwafar sofarano kaɗai.

A taka waƙar kuma, jerin aikin shi ne: sanya sauka a ƙarshen kowace jimla tukuna, sannan ka rubuta bes gaba ɗayansa ya zama waƙa mai zaman kanta, yana saɓa wa sofarano hanya gwargwadon iko. In waɗannan biyun ba su yi daɗi su kaɗai ba, alto da teno ba za su cece su ba. Na tsakiya su zo ƙarshe, su riƙe noti in ya dace da kod na gaba, in bai dace ba su matsa zuwa mafi kusa. Kada tazarar sofarano da alto, ko ta alto da teno, ta wuce takwas. Tsakanin teno da bes ne aka yarda da fili. Kada muryoyi biyu su ɗauki Ti lokaci guda, domin dukansu Do za su nufa, ka ga takwas a jere. Fa da ke kan So sauka take yi zuwa Mi.

Wurin da kusan kowa ke faɗawa shi ne bes Fa zuwa So. Hannu ya saba ɗaga kod ɗin dungurungum, sai biyar da takwas su jera. Maganin: bes na hawa, ukun sama su sauka. Teno Do zuwa Ti, alto Fa zuwa Re, sofarano La zuwa So.

Abin farko da za ka tsara

Kada ka fara da babban aiki. Ɗaliban wancan zamani da minuwet suke farawa, 'yar gajeriyar rawa mai bugu uku, gaɓa 16 (kowace gaɓa bugu ukun nan ne), takwas da takwas. Ga ƙwarangwal da za ka iya sa wa nama. Gaɓa 1 zuwa 4: bes Do, Re, Ti, Do, sama Do, Ti, Fa, Mi. Gaɓa 5 zuwa 8: bes Do, Ti, La, So, sama Mi, Re, Do, Ti, ka yi amfani da Fe don a ji an koma ki na So. Gaɓa 9 zuwa 12: bes De zuwa Re, sama So zuwa Fa, sai ka maimaita taki ɗaya ƙasa, bes Ti zuwa Do, sama Fa zuwa Mi. Joseph Riepel, wanda ya yi rubutu a tsakiyar ƙarni na 18, ya kira wannan Fonte. Gaɓa 13 zuwa 16: bes Mi, Fa, So, Do. Noti ɗaya ke nan a kowace gaɓa, kai za ka ƙawata sama da abin da ka koya a mataki na biyu da na uku. Rubuta goma a kan ƙwarangwal ɗin nan ɗaya. Ta farko za ta yi kama da atisaye, wajen ta bakwai za ka fara jin naka hannun.

Inda hanyar ta tsaya

Wannan nahawun salo ɗaya ne, na Turai, daga wajen ƙarni na 16 zuwa farkon na 19. Hana jera biyar dokar wannan salon ce, al'ummu da yawa suna rera waƙa da muryoyi a jere kuma daɗinta ke nan. Ba zai koya maka komai game da kiɗan kalangu ko gangar situdiyo ba. Waƙoƙinmu da yawa kuma noti biyar suke yawo a kai, babu Fa babu Ti. In ka ɗora musu ƙa'idar oktaf yadda take, za su koma kamar waƙar coci ta Ingila. Wani lokaci abin da kake so ke nan, wani lokaci ka ɓata waƙar.

Sai batun harshe, wanda Fux bai taɓa fuskanta ba. Hausa tana da karin sauti: "wuya" na jiki daga sama yake sauka, "wuya" ta wahala daga ƙasa take hawa. Dokar saɓa hanya na nufin in sofarano ta bi karin kalma, bes zai karya shi. Abin da ke aiki shi ne ka bar sofarano ta bi karin maganar, alto da teno su yawaita zama kan noti ɗaya, bes kuma a wuraren da ma'ana za ta rikice ya ja dogon wasali maimakon furta kalmar. Ka kula da gaɓar kalma mai nauyi da mara nauyi ma, kada dogon noti ya faɗa kan gajeren wasali.

Do-Re-Mi ɗin da ka iya, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 kuma ya iso mana ta hannun 'yan mishan, jari ne babba, domin tunanin matakin noti shi ne ainihin abin da ƙa'idar oktaf ke buƙata. Amma littattafan nan da rubutun noti mai layi biyar aka rubuta su, dole ka koyi karanta shi, musamman layin bes. Manhajar MuseScore kyauta ce, za ta taimaka wajen rubutawa da saurare. Abin da takarda ba za ta yi maka ba shi ne ganin kuskurenka, don biyar a jere takan ɓuya wa wanda ya rubuta ta. In da mai karanta noti kusa da kai, ko malamin kiɗa ko tsohon mai ogan, kai masa aikinka ko da sau biyu a wata. In babu, bi muryoyin biyu-biyu da fensir, haɗi shida ne a murya huɗu, kana rubuta tazarar kowane bugu. Sannan a wajen firaktis ka sa 'yan alto su rera layinsu su kaɗai ba kibod, bayansu 'yan teno. Duk gaɓar da suka yi tuntuɓe sau biyu, sa mata alama, ka koma gida ka sake ta.